Nomau da Ƙaguwar Tafkin Alhaji Barmo

A ƙauyenmu na Rafin Ɗinya an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, ga ƙarfi kamar san noma, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya ƙin aike. Aibinsa guda ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka take zama a kansa, ba ya juya ta ya duba bayanta. In ka ce masa ya je ya sha iska, sai ka hango shi a kan tudu ya wangame baki.

Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tasalla, da tsohuwarsa Inna Delu, wadda idonta ya mutu tun shekarar da aka yi ciwon ido a garin. 'Ya'yan da Allah ya ba su babu wanda ya zauna. Abin da uban Nomau ya bar masa gona ce a fadama, a bakin korama, mai ba da shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani. Da ita suke ci, da ita suke sutura. Tasalla ce ke fassara masa mutane. In tana kusa, babu mai gane wautarsa. Sai dai mace ba ta bin mijinta ko'ina.

Akwai kuma ɗan wan ubansa, Alhaji Barmo, wanda ya tafi Legas tun yana saurayi, ya dawo da tumbi da mota da sanda mai kan azurfa.

Wata rana bayan an sauko daga masallacin Juma'a, Alhaji Barmo ya riƙe hannun Nomau a gaban mai unguwa da dattawa.

Ya ce, "Ƙanena, birni ya gajiyar da ni. Ka bar mini gonar nan taka ta fadama in huta a cikinta."

Nomau ya ce, "To, Yaya Alhaji, ka huta."

Alhaji ya dubi jama'a ya ce, "Kun dai ji da kunnenku."

Suka ce sun ji. Nomau ya ruga gida ya ɗauko tabarma da matashi, ya shimfiɗa a inuwar mangwaron gonar, ya zauna yana jiran mai gajiya. Alhaji bai zo ba. Magina ne suka zo, da bulo da siminti. Tasalla ta yafa mayafi ta tafi wurin mai unguwa tana kuka, ya ce mata ai mutum da bakinsa ya bayar, a gaban shaidu. Ta dawo ta zauna a bakin murhu ba ta hura wuta ba.

Nomau ya ce, "Ki yi haƙuri mana. Gajiya ce. In ya huta zai tashi."

Aka kewaye gonar da katanga, aka tumɓuke albasa aka dasa furanni. A tsakiya aka haƙa tafki, aka jawo masa ruwa daga korama. Sannan aka kawo wasu kifaye daga Legas a cikin leda, jajaye kamar manja, masu jela kamar mayafin amarya. Ba a cin su, kallonsu kawai ake yi. Alhaji ya ɗauki Nomau gadin su, yana auna masa dawa duk ranar kasuwa, ya kuma tabbatar kowa a garin ya san yana taimakon ɗan'uwansa.

Wata rana Alhaji ya lura jelar kifayen tana yagewa, yawansu ma ya ragu. Ya kira Nomau.

"Wani abu na taɓa mini kifi. Ka sa musu ido sosai."

Nomau ya durƙusa a bakin tafkin, ya ja numfashi, ya tsoma fuskarsa cikin ruwa ido a buɗe. Kifayen suka watse. Ya ɗago ya huta, ya sake tsomawa, yana bin su da kai don idon ya taɓa ko da guda. A tsomawar da ya yi kusa da gindin wani dutse, sai wata ƙaguwa ta miƙo hannunta mai kama da awartaki ta damƙe masa fatar ido. Haka ya taso ya ratsa gari har ƙofar gidan Alhaji, ƙaguwa na lilo a fuskarsa, jini na bin kumatunsa, mutane na dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Yaya Alhaji, kifin sun ƙi karɓa. Wannan ce ta karɓa."

Alhaji ya sa sanda ya ɗago ƙaguwar, ya dube ta da kyau. Bai dubi idon ba.

Ya ce, "Ashe ke ce ɓarauniyar."

Ashe tun ranar da aka jawo ruwan korama ƙaguwa ke biyo shi. Sun sami wurin zama mai sanyi da abinci mai jan launi, suka yi ramuka a gefen tafkin, suka hayayyafa. Inna Delu ce ta lalubo fuskar ɗanta da yamma, ta tauna ganye ta manna masa.

Wata rana, idon bai gama sacewa ba, Alhaji ya ce masa, "Ka tsince mini ƙaguwar nan tas, yadda mata ke tsince tsakuwa a shinkafa."

Nomau ya koma gida ya tambayi Tasalla yadda ake tsintar shinkafa. Ita ba ta san dalilin tambayar ba. Ta ce ai zubawa ake yi a faifai, a fita inda haske yake, a baza, a bi a hankali ana cire tsakuwa ana jefarwa. Ya ce ya gane. Ya ari taru wurin masunta, ya kwashe duk abin da ke cikin tafkin, kifi da ƙaguwa, ya baza a kan tabarmi a tsakiyar rana. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa yana tsinta a hankali, kamar yadda aka ce. Duk wadda ya tsinta ya jefar, sai ta bi gefe-gefe ta koma ruwa. Kifayen suka yi ta tsalle, daga nan suka rage tsalle, daga nan wasu suka daina.

Da Alhaji ya zo ya gani, sai da ya jefar da hularsa ƙasa. Aka mayar da masu sauran numfashi. Matattun suka cika ƙwarya.

Nomau ya ce, "Yaya Alhaji, in kai wa Inna waɗannan a yi mata miya? Ta daɗe tana kwaɗayin kifi."

Alhaji ya ce, "Wannan kifin ya fi ƙarfin bakinku. Haƙa rami ka binne."

Ya haƙa ya binne. A makon nan ba a auna musu dawa ba. Tasalla ta yi ta surfen maƙwabta tana karɓar tsakin hatsi.

Wata rana Sarkin Ruwan garin ya ba Alhaji shawara ya sa tarko. Ya saƙa masa kwando mai ƙaramin baki, wanda in an shiga ba a fita, ya ce a sa nama a ciki a nutsar, ƙaguwa ba ta iya haƙuri da ƙarnin nama. Alhaji ya sayo tsoka jawur wurin mahauci ya ba Nomau. Da Nomau ya biya ta gida ɗaukar igiya, Inna Delu ta ɗaga hanci daga inda take zaune.

"Auta, nama nake ji?"

"Na ƙaguwa ne, Inna."

Ta ce, "Allah ya ba su lafiyar ci."

Kafin ya nutsar da kwandon, Alhaji ya ce masa, "In sun shiga, ka fito da su ka ci ubansu. Ka ji ko?"

"Na ji."

Da hantsi kwandon ya cika maƙil. Nomau ya zazzage su a cikin baho, ya tsuguna yana dubawa, har ya gano wata ƙatuwa, baƙa, mai gansakuka a baya, wadda kowa ya gani ya san ta girmi sauran. Ya hura wuta ya gasa ta. Bai taɓa cin ƙaguwa ba, mu nan ba ma ci. Ya runtse ido ya tauna har da ɓawon, ya haɗiye. Sannan ya ɗauki bahon ya juye sauran cikin tafki.

Alhaji ya iso ya tarar da kwando wayam.

"Ina suke?"

"Na ci uban nasu, Yaya Alhaji. Ga ƙafarsa guda na rage maka ka gani."

"Sauran fa?"

"Sauran ai sun zama marayu. Na mayar da su gidansu. Malam ya ce duk wanda ya ci abin maraya wuta yake zuba wa cikinsa, balle a kore shi daga inda ubansa ya bar shi."

Sarkin Ruwa yana tsaye a wurin. Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba ta lalace ba. Alhaji ya juya ya shiga mota.

Wata rana Alhaji ya gayyato manyan abokansa daga birni su zo su ga lambun. Aka shimfiɗa darduma a bakin tafki, aka yanka rago. Tun da safe ya ja kunnen Nomau.

"Yau ka rufa mini asiri. Duk ƙaguwar da ta fito, ka ɓoye ta inda ido ba ya kaiwa."

Baƙi suka zo da manyan riguna, suka tuɓe takalma a bakin darduma, irin sau-ciki masu ƙyalli. Ƙamshin nama ya tashi, ƙaguwa suka fara fitowa daga ramukansu. Nomau yana kamawa yana waige-waige. Ya duba ƙarƙashin furanni, ya ga ido na kaiwa. Ya duba bayan dutse, ido na kaiwa. Ya ɗauki takalmi guda ya leƙa ciki, ya ga can wajen yatsu duhu ne. Ya ji daɗi ƙwarai.

Da aka ci aka sha aka tashi tafiya, wani Alhaji Maikano, wanda ya fi kowa yabon tafkin har ya ce shi ma ya gina irinsa a garinsu, shi ya fara zura ƙafa. Ihun da ya yi sai da tsuntsaye suka tashi daga mangwaro. Kafin a ankara kowa na tsalle da ƙafa ɗaya, babbar riga na harɗe shi. Guda ya faɗa tafkin.

Alhaji Maikano ya nuna Nomau da takalmi. "Wane ne wannan?"

Alhaji Barmo ya ce, "Wani taɓaɓɓe ne na tsinta a garin nan nake taimako. Ban ma san asalinsa ba."

Hankalin Nomau ya tashi. Ya matso ya kama hannun rigar Alhaji yana leƙa fuskarsa.

"Yaya Alhaji, ni ne fa. Nomau, na Baffa Jatau, ƙanen babanka. A gidanmu aka yi maka kaciya. Ko idonka ne ya fara irin na Inna?"

Ya koma gida yana ta damuwa, yana ce wa Tasalla a nemo wa Yaya maganin mantuwa. Ta dube shi, ta ci gaba da aikinta.

Wata rana Alhaji zai tafi birni neman abin da zai raba shi da ƙaguwa. A lokacin Inna Delu tana kwance, zazzaɓi ya kama ta, ba ta iya haɗiyar komai sai ruwa. Alhaji ya tsayar da Nomau a bakin tafki.

"Ka tsaya nan. Kada ka kuskura ka ɗaga ƙafarka sai na dawo."

Da azahar Tasalla ta shigo lambun a guje, ba ko takalmi.

"Malam, taho maza. Inna na kiranka. Jikin ya yi tsanani."

Ya ce, "An ce kada in ɗaga ƙafa."

"Ba haka yake nufi ba! Don Allah taho!"

"Haka ya ce, Tasalla. Ba kya nan."

Ta ja shi, ta roƙe shi, ta zage shi, abin da ba ta taɓa yi ba. Yana tsaye hawaye na zuba, ƙafafunsa a kafe. Ta sake shi ta koma, don babu kowa a wurin tsohuwar. Nomau ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Can dabara ta zo masa. Ya fara jan su a ƙasa, dama, hagu, ba tare da ya ɗaga ba. Haka ya fita daga lambun, haka ya bi hanyar fadama mai tsakuwa da ƙaya, haka ya hau tudun gari. Masu wucewa suna tsayawa suna dariya, suna cewa yau kuma wace rawa Nomau ya koyo. Tafiyar da yake yi kafin a sha kofin shayi, sai da rana ta yi ja kafin ya gama ta. Ya iso ƙofar gida tafin ƙafarsa duk ya saɓule, ya ji mata suna salati a ciki.

Tasalla ta fito ta tsaya a gabansa. Ta dubi sawun da ya bari, layi biyu a ƙasa har iyakar gani.

Ta ce, "Ta yi ta kiran Auta har muryar ta ƙare."

Alhaji ya zo ta'aziyya ranar sadakar uku. Ya yi addu'a, ya shafa, ya matso kusa da Nomau ya rage murya.

"Ranar da ka taho, wa ka bar wa kifin?"

Wata rana, bayan an share makoki, Alhaji ya fito da abin da ya sayo a birni: galan ne fari, an ɗaure bakinsa da leda. Shi da Alhaji Maikano suka saya wurin wani mai talla a tasha, wanda ya rantse musu cewa maganin ƙaguwa kaɗai yake kashewa, kifi kuwa har ƙiba yake sa shi. Tafkin Alhaji Barmo yana da wata 'yar kafa ta inda ruwa ke fita in ya cika, ya koma korama, daidai saman mashayar da matan gari ke ɗiba. Alhaji ya san da haka. Bai dame shi ba.

Ya ce, "Na gaji da kai, Nomau. Abin da na faɗa shi za ka yi, kada ka ƙara, kada ka rage. Ka sa wannan a ruwa."

Ya tafi. Nomau ya ɗauki galan ya sa a ruwa. Galan ya taso yana yawo. Ya ga ai rabinsa a iska yake, ba a ruwa ba, sai ya ɗaura masa dutse ya nutsar da shi har ƙasa.

Washegari Alhaji ya zo da kwando don kwashe gawar ƙaguwa. Ya leƙa, ya hango galan a ƙasan tafki, a rufe yadda ya ba da shi, ƙaguwa sun hau kai suna shan hantsi.

"Ba ka buɗe ba?"

"Ba ka ce in buɗe ba, Yaya Alhaji. Ka ce kada in ƙara."

Alhaji ya ɗauke shi da mari, ya ƙara masa da sandar nan mai kan azurfa. Ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a lambun, dawa kuma ta ƙare. Ya ce gobe zai samo mai hankali ya nutsa ya ciro galan a zuba.

Goben ba ta kai ga haka ba. Direban motar kasuwa ne ya kawo labari daga garin su Alhaji Maikano. Shi an buɗe nasa an zuba. Kafin la'asar kifayensa duk sun juya ciki sama. Ƙaguwa kuwa suka fito tudu suka jira abin ya wuce. Ruwan ya gangara rafi, shanun Fulani suka sha suka faɗi, aka kwashi mata da yara zuwa asibiti suna amai, wata yarinya ba ta dawo ba. Alhaji Maikano yana hannun hukuma.

Alhaji Barmo ya sa aka ciro galan a ɓoye aka kai daji aka binne. Sannan ya aika aka kira Nomau ta bayan gida.

"Maganar galan nan, ka riƙe bakinka. Ka ji?"

"Na ji."

Da yamma dattawa suka taru a dakalin ƙofar masallaci, ba a maganar komai sai wannan. Alhaji Barmo yana tsakiya yana jan carbi.

Ya ce, "Ni tun da na karɓi abin nan zuciyata ba ta kwanta ba. Na tuna matanmu da 'ya'yanmu da ke shan koramar nan. Na ce wallahi ba za a buɗe shi ba, gara kifin su ƙare."

Ana ta sa masa albarka, sai ga Nomau ya zo wucewa, ya damƙe leɓɓansa da hannu ɗaya kamar mai riƙe bakin buhu. Liman ya kira shi.

"Nomau, haƙori ne?"

Nomau bai saki ba. Ta tsakanin yatsu maganar ta fito, a daƙile, amma kowa ya ji.

"A'a, Malam. Yaya Alhaji ne ya ce in riƙe bakina kan maganar galan. Wanda ya ce in sa a ruwa, na sa ban buɗe ba, ya mare ni ya kore ni, ya ce zai samo mai hankali ya zuba. Ga shi ina riƙe da shi tun ɗazu. Hannuna ya gaji."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Liman ya dubi ƙasa. Mai unguwa ya dubi sama. Aka kira sallar magariba, kowa ya ji daɗin samun abin tashi.

Kada ku zaci wani abu ya canza. Gona tana wurin Alhaji, katangar ma an ƙara mata tsawo. Ƙaguwa suka cinye jajayen kifayen a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya sake sayo wasu. Babu dattijon da ya taka ya je ya ce wa Nomau an gode, kuma har yau in yaro ya yi shirme a garinmu, ce masa ake yi jikan Nomau. Shi da Tasalla suka koma ƙwadago a gonakin mutane.

Abu guda dai na gani da idona. Washegarin maganar nan ta ƙofar masallaci, da safe Tasalla ta je mashaya da tulunta, ta tarar da layi. Matan suka dube ta, sai suka dare suka ba ta hanya ta fara ɗiba. Ta cika tulun ta kai gida. Nomau na zaune a ƙofar ɗakin Inna, yana ɓare ɓawon raunin ƙafarsa. Ta ɗebo ruwan a moɗa ta miƙa masa.

"Sha."

Ya karɓa ya leƙa ciki. "Duka?"

Ta ce, "Duka, Malam. Naka ne."